Iya Ruwa Fidda Kai: Abin da Na Koyo a Gaɓar Tarkwa

Tambayar farko da yaron ya yi mini, tun kafin ya miƙo mini allon, ita ce ko na iya ruwa. Na ce masa kaɗan-kaɗan. Ya dube ni tun daga sama har ƙasa, irin duban da likita kan yi wa mai ciwon suga da ya rantse ya daina shan zaƙi, sannan ya ce, "Alhaji, teku bai san kaɗan-kaɗan ba. Faɗa mini gaskiya don in san inda zan tsayar da kai." Shekaruna 44 a lokacin, kuma na daɗe ban tsaya a gaban wanda na haifi kamarsa ina jin kunyar amsa tambaya ba. Na ce masa ban iya ba.

A hutun ƙarshen shekara ne muka je Legas da iyalina, muka sauka a gidan wani ɗan'uwan maiɗakina. Shi ya ba da shawarar mu tsallaka Tarkwa Bay, wata gaɓar teku da ke bakin mashigar tashar jiragen ruwa ta Legas, wadda ba a isa gare ta sai a jirgin ruwa. Muka hau daga Marina, aka ɗaura wa kowa rigar ceto, cikin abin da bai kai rabin sa'a ba muka sauka. A can ne ɗana mai shekara 11 ya hango samari suna miƙewa tsaye a kan allo, igiyar ruwa na ɗauke da su zuwa gaɓa. Ya ce yana so ya gwada. Kafin ya rufe baki na ce a'a. Ban yi tunani ba, kuma da na ji sautin kalmar sai na gane muryar mahaifiyata ce ta fito ta bakina. Yaron ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Abba, kai ka taɓa shiga?" Ban taɓa ba. Don kada in yi ƙarya a gabansa na ce to, ni zan fara, in na ga babu haɗari sai ya biyo baya.

Wannan a'a tana da tarihi. A cikin birni na tashi, kafin aiki ya mayar da ni Nasarawa GRA inda nake zaune yanzu. Duk wanda ya tashi a cikin ganuwar Kano ya san kududdufi, ramukan da aka haƙa shekara da shekaru ana ɗibar ƙasar gini, waɗanda kan cika maƙil da damina. Su ne kogin yaran birni, su ne kuma abin tsoron iyayensu mata. Ina da shekara 9 wani ɗan ƙanwar mahaifiyata, sa'ana, ya bi abokai wanka bayan an tashi daga makarantar allo, bai dawo ba sai a kafaɗar mutane. Daga ranar Hajiya ta kafa doka. In muka dawo gida da yamma takan duba idanunmu ko sun yi ja, ta sa farce ta karci ƙwaurinmu ta ga ko zai yi fari, alamar ruwan laka ya bushe a jiki. Tana da hujja ta biyu ma, domin ruwan kwance shi ne gidan tsargiya, kuma a unguwarmu ba a rasa yaron da ke fitsarin jini. Dokar ta yi aiki. Dukanmu mu shida mun rayu, kuma babu ɗayanmu da ya iya iyo.

Darasin bai fara a cikin ruwa ba. Malamin nawa, wanda bai wuce shekara 20 ba, ya shimfiɗa allon a kan rairayi. Allon masu koyo dogo ne, ya fi tsayin mutum, mai faɗi, an yi shi da wani abu mai laushi kamar soso don kada ya fasa wa mutum kai. A gindinsa akwai igiya da ake ɗaurawa a idon sawu, saboda in ka faɗi kada allon ya tafi ya bar ka. Ya sa na kwanta rub da ciki, ya nuna mini yadda ake tuƙi da hannuwa, sannan yadda ake dafa allon a daidai ƙirji a zabura a miƙe lokaci guda, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, gwiwoyi a lanƙwashe. Don ya gane ƙafar da zan riƙa sa wa gaba, sai ya zagaya bayana ya ɗan ture ni ba zato, ƙafar hagu ta yi gaba ta tare ni, ya ce ita ce. Na yi ta kwanciya ina tashi a kan rairayi kamar sau 20, 'ya'yana na dariya, maiɗakina ta juya kai wai ba ta san ni ba.

Abin da ya fi ɗaukar lokaci shi ne koyon faɗuwa. Ya ce kada in taɓa faɗawa da ka, domin ruwan ba zurfi, rairayin ƙasa kuma ba shi da tausayi ga wuya. In faɗi a baje, in rufe kaina da hannuwa, in bar ruwan ya gama juyi da ni, sannan in miƙe. Ya kuma nuna mini wani wuri da ruwan ya yi duhu ya kwanta lumui, babu kumfa, wurin da ni da kaina zan zaɓa in da an bar ni. Ya ce nan ne ya fi ko'ina haɗari. Ruwan da igiyoyi suka turo gaɓa dole ya koma, kuma yakan haɗu ya bi hanya ɗaya mai ƙarfi zuwa cikin teku. Wanda ya faɗa cikinta ya ce zai yi kokawa da ita ya dawo kai-tsaye, gajiya ce za ta kashe shi. Dabarar ita ce mutum ya natsu, ya yi iyo a gicciye, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga hanyar. Ni da ban iya iyo ba, ya ce iyakata inda ruwa ya kai mini ƙugu, kuma ba zai matsa daga gefena ba.

Hausa tana da suna mai kyau ga abin da na je hawa. Muna cewa igiyar ruwa, amma tsofaffi kan ce raƙumin ruwa, wato mutanen da suka san ayari sun ga tozo yana tafe a jere sai suka kira shi da sunan abin da suka sani. Sai da na tsaya a cikinsa na fahimci cewa ruwan ba ya tafiya. Ƙarfi ne ke ratsa shi, kamar yadda in aka kaɗa tabarma daga gefe ɗaya tudun kan bi ta har ƙarshe alhali tabarmar na nan inda take. Manyan igiyoyin da ke dukan gaɓar Afirka ta Yamma ana haifarsu ne can kudancin Tekun Atlantika, inda guguwa ke kaɗawa a kan ruwa mai faɗin gaske, sai su yi kwanaki suna tafiyar dubban kilomita. Idan suka iso inda ruwa ya rage zurfi, ƙasan igiyar ya fara jan ƙasa ya rage gudu, samanta kuwa bai rage ba, sai ta miƙe ta yi tsayi ta kife gaba. Hakan kan faru ne idan zurfin ruwan ya kusa daidai da tsayin igiyar, ya ɗara kaɗan. Mai hawa yana neman wannan ɗan lokaci ne da ƙarfin ke zubewa, ya ari kaɗan daga ciki. Sun fi girma da damina, wajen Afrilu zuwa Oktoba. A watan Disamba sukan yi laushi, kuma iskar hunturu, wadda a Kano ke fasa mana leɓe ta rufe sararin sama da ƙura, idan ta isa gaɓa takan busa daga tudu zuwa teku ta gyara fuskar igiyar ta yi santsi. Malamina ya ce masu hawa na murna da ita. Karo na farko ke nan da na ji wani ya yabi hunturu.

Akwai kuma wata alaƙa tsakanin wurin da garinmu wadda ban sani ba sai da na tambayi dalilin dogon jerin duwatsun da ya shiga cikin teku a gefenmu. A da, tudun rairayi ne ya tare bakin mashigar Legas, manyan jirage kan tsaya a waje a riƙa sauke kaya cikin ƙanana. A farkon ƙarni na 20 Turawan mulkin mallaka suka fara gina waɗannan katangu na dutse, ana ɗauko duwatsun a jirgin ƙasa daga wajen Abeokuta, don a buɗe hanya manyan jirage su shiga. A daidai wannan zamani layin dogo ya isa Kano a 1911, aka buɗe shi ga kasuwanci a 1912, gyaɗa ta fara gangarowa kudu. Buhunan da aka tara dala-dala a Kano ta wannan mashiga suka fita zuwa Turai. Katangun ne suka yi wa Tarkwa kariya ruwanta ya fi na sauran gaɓar Legas sauƙi, su ne kuma igiya ke duka ta dawo ta haɗu da mai bi mata ta yi tozon da masu hawa ke so. Su ne har wa yau suka tare rairayin da ruwa ke kwasa daga yamma zuwa gabas, Bar Beach ta yi ta zaizayewa shekaru da dama, har aka zo aka cike wurin aka fara gina Eko Atlantic. Wato gyaɗar kakanninmu na da hannu a igiyar da ta yi ta kayar da ni.

Wurin yana da nasa raunin. A watan Janairu na 2020 jami'an tsaro suka tashi dubban mazauna Tarkwa Bay, hukuma ta ce saboda fasa bututun mai da ake yi a yankin, aka rushe gidaje da dama. Da yawa daga samarin da ke koyar da baƙi a can 'ya'yan wannan al'umma ne. Mu da muka zo hutu da kulolin abinci muna taka wurin da ya kasance gidan wasu, kuma ya kamata mai zuwa ya san haka.

Na tafi da zaton cewa wasan na Turawa ne, ko na mutanen Hawai, inda ya shahara kafin ya bazu a duniya har ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021. Wani fim na Amurka mai suna The Endless Summer, wanda ya fito a 1966, ya nuna matasa biyu suna yawo da allunansu a Senegal da Ghana da Najeriya, kamar su suka kawo abin. Amma masanin tarihi Kevin Dawson, a littafinsa Undercurrents of Power na 2018, ya tattaro shaidar cewa tun a shekarun 1640 wani Bajamushe ya rubuta yadda yaran gaɓar da ake kira Ghana a yau ke wasa a ruwa a kan katako, kuma a 1834 wani Baturen Birtaniya, James Alexander, ya ga yara a Accra suna jiran igiya a kan alluna tana kawo su gaɓa. Dawson ya nuna cewa a waɗannan ƙarnoni mutanen gaɓar Afirka ta Yamma sun fi yawancin Turawan da suka zo musu iya ruwa nesa ba kusa ba. A yau Senegal na da Khadjou Sambe, 'yar Dakar, mace ta farko a ƙasar da ta mayar da hawan igiya sana'a.

Mu ma ba baƙin ruwa ba ne gaba ɗaya. Ƙasar Hausa na da Sarkawa, masunta na gado, tana da sarautar Sarkin Ruwa, kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, har da gasar ninƙaya da tseren kwalekwale ake yi a cikinsa. Sai dai ilimin ya tsaya a gidajen da suka gaje shi. Ɗan birni, musamman ɗan boko, ya ɗauke shi sana'ar wasu.

Da muka shiga ruwan, aikin malamina shi ne ya riƙe gindin allon, ya jira farin kumfan igiyar da ta riga ta fashe, ya tura ni, ya yi ihu in tashi. Sau shida ina faɗuwa kafin in ɗaga gwiwa. A na bakwai ne abin ya faru. Na matsa gaba da yawa a kan allon, hancinsa ya nutse, gindinsa ya tashi, na tsinci kaina a ƙarƙashin ruwa ban san sama ba ban san ƙasa ba. Gishiri ya cika mini hanci, igiyar ƙafata na fizga ta. Duk abin da aka koya mini a kan rairayi ya gudu, na fara harbe-harbe da hannu da ƙafa, ina neman buɗe baki. A cikin wannan ɗan lokaci fuskar ɗan'uwana ta zo mini, wadda na yi shekara 35 ina kauce wa tunawa. Sai na ji hannu ya damƙi damtsena, aka ce, "Alhaji, miƙe kawai." Na miƙe. Ruwan bai wuce cibiyata ba.

Na tsaya ina tari, kunya da tsoro sun haɗu. Yaron bai yi dariya ba. Ya ce ya sha ganin haka, kuma mutane da yawa da ruwa ke ci ba zurfi ne ke cin su ba, firgita ce. Wanda bai taɓa jin ruwa ya rufe kansa ba, ranar da ya fara ji jikinsa ke yanke hukunci, ba hankalinsa ba. Ya ajiye allon gefe, ya sa na riƙa tsugunawa a cikin ruwan da gangan, ina ƙirga biyar, sannan goma, ina fitar da iska ta hanci. Mun fi minti 15 a haka. Wannan ne ainihin darasin da na biya kuɗinsa, ko da yake ba shi na je nema ba. Daga baya na miƙe a kan allon sau biyu, na farko na daƙiƙa kamar uku, na biyu har ya kai ni rairayi. Daɗin da na ji gaskiya ne, amma ba shi na ɗauko zuwa gida ba.

Abin da na ɗauko shi ne cewa hani kariya ce mai iyaka. Dokar Hajiya ta tsare mu daga kududdufin unguwa, amma ba ta da iko a kan ruwan da mutum bai zaɓi shiga ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, yara da matasa na da kaso mai yawa, kuma nahiyar Afirka na cikin inda abin ya fi tsanani. A shekarar ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ranar 25 ga Yuli don wayar da kai a kan haka. A shekarar ce kuma, a ƙarshen Nuwamba, kwalekwale ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai a nan jihar Kano, mutane sama da 20 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyar zuwa Maulidi. Watanni kaɗan kafin nan wani jirgin ya nutse a kogin Neja kusa da Warra a jihar Kebbi da mutane masu yawan gaske. Lodi fiye da kima da rashin rigar ceto su ne manyan dalilai a irin waɗannan haɗurra, kuma iyo kaɗai ba zai maye gurbin gyara su ba. Amma yaron da ya san yadda zai kwanta a bayansa ya yi numfashi na minti biyu ya ba masu ceto minti biyu. Tun daga ginin dam ɗin Tiga a zamanin Audu Bako a farkon shekarun 1970, Kano ta zama jiha mai manyan ruwaye, ga ambaliya kusan kowace damina, amma tarbiyyarmu game da ruwa ba ta wuce "kada ka je" ba.

An ruwaito cewa Sayyidina Umar ya yi wasiyya a koya wa yara ninƙaya da harbin kibiya da hawan doki. Hawan doki kam mun riƙe shi, duk wanda ya ga Hawan Nasarawa ya wuce ta unguwarmu da sallah zai shaida. Na farkon ne muka bari. A GRA akwai gidaje da dama masu wurin ninƙaya da aka gina don ado, wasu sun bushe sun zama ma'ajiyar ganyen darbejiya, masu gidan da 'ya'yansu ba wanda ya iya shiga. Matsalolin da ake kawowa na gaske ne: tsadar ruwa da magani, ƙarancin masu koyarwa, da batun sutura da cakuɗuwa, musamman ga 'ya'ya mata. Amma kowannensu na da mafita a hannun mutane irinmu. Akwai kayan ninƙaya masu rufe jiki, ana iya ware ranakun mata da mace mai koyarwa, kuma makarantun kuɗi da muke biya maƙudai za su sa iyo a jadawali ranar da iyaye suka fara tambaya. Yaran Bagwai da na bakin Tiga sun fi namu bukata, kuma masunta da za su koya musu suna nan a garuruwansu, tsari kawai ake nema.

Ɗana ya shiga ruwan a ranar, bayan ni, a inda bai wuce ƙugunsa ba, ya kuma miƙe a gwaji na uku. Da muka dawo Kano na sa shi da ƙanwarsa a wurin koyon iyo, ni ma ina zuwa da safiyar Asabar, ina riƙe bakin kwami tare da yara 'yan shekara 7. Abin da ya rage shi ne gaya wa Hajiya. Na je gaishe ta a cikin gari, na zauna a ƙasa kamar kullum, na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗa. Ta daɗe ba ta ce komai ba, tana jan carbi. Sannan ta ambaci sunan ɗan ƙanwarta, wanda rabon da in ji shi a bakinta tun ina yaro, ta ce, "Da ya iya, da ya fito?" Na ce Allah ne masani, Hajiya, amma da ya samu dama. Ta ce, "To a kula da su. Kada a bar su su kaɗai ko na ƙiftawar ido." Na ce in sha Allahu. Da zan tafi ta kira ni ta ce ranar da yarinyar ta iya, a ɗauko mata hoton a waya ta gani.